Malam Ibrahim na Kano, Uban Isawa

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:24-28, Galatiyawa 1:11 zuwa 2:10, 1 Yohanna 4:1-6.

Cikin darasin wannan mako za mu duba rayuwar wani malami na birnin Kano wanda aka kashe wajen shekara ta 1867. Ba a yi masa baftisma ba, bai kuwa taɓa zama cikin taron masu bi irin namu ba, gama a zamaninsa babu ekklesiya ko ɗaya cikin dukan ƙasar Kano. Duk da haka ya cancanci mu san shi, domin tambayar da ta ci ransa ita ce har wa yau ta kan tashi a tsakaninmu, a nan Shamaki cikin Gombe da ko'ina masu bi su ke taruwa. Idan mutum ya ga wani haske cikin karatunsa ko cikin addu'arsa, shugabannin addini kuwa suka ce ba haka ba ne, wa za ya bi? Su kuma shugabannin, me ya wajaba su yi da shi?

Kano a zamaninsa

A 1807 mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Kano, suka kawar da Sarki Alwali. Ya kamata mu riƙe wannan a zuci tun daga farko, gama sarautar da ta hukunta Malam Ibrahim ita kanta daga karatun wani malami ta tsiro. Shehu ya duba littattafai, ya duba abin da sarakunan Hausa da malaman fadarsu su ke aikatawa, ya ga ba su daidaita ba, ya faɗa a fili, har ya kai ga yin hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Bayan shekara sittin, 'ya'ya da jikokin waɗanda suka bi shi su ne masu riƙe da gari, su ne alƙalai, su ne masu cewa wannan karatu daidai ne, wancan ɓata ne.

Birnin yana cikin ƙarfinsa a lokacin. Bajamushen nan matafiyi, Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kimanta mazaunanta kamar mutum dubu 30, ban da fatake masu shiga da fita. Ya ga tufafin da a ke saƙawa a rina a Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Inda dukiya ta taru kuwa, nan malamai su kan taru. Kowace unguwa da zaurukanta na karatu, yara da allunansu, manya da littattafansu na fiƙihu da tafsiri.

Amma akwai ƙaya a ƙafar Kano. Wajen 1846 wani malami mai suna Hamza ya tashi daga Tsakuwa tare da almajiransa saboda gardama a kan haraji, ya shiga duwatsun Ningi, ya haɗa kai da mutanen dutse waɗanda ba su taɓa yarda da mulkin Fulani ba. Wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Kano ta Ningi ya ga duwatsun nan da idonsa, ya kuma gane dalilin da ya sa doki ba ya da amfani a wurin. Daga can Ningawa suka riƙa kawo hari cikin ƙasar Kano shekara da shekaru. Sa'ad da Abdullahi ɗan Ibrahim Dabo ya hau gadon sarauta a 1855, wannan yaƙi ya gada, da shi kuma ya yi ta fama. Saboda haka a idon fada, malamin da ya tara jama'a a kan wata koyarwa dabam ba mai gardamar karatu kaɗai ba ne. Sun riga sun ga inda irin wannan taro ya kai da Hamza.

Akwai kuma wani abu da ke motsa zukata. Ƙarni na 13 na Hijira yana gab da ƙarewa (shekara ta 1300 ta kama a ƙarshen 1882), mutane da yawa kuwa suna sauraron bayyanar Mahadi da saukowar Annabi Isa a ƙarshen zamani. Maganar Isa ba baƙuwa ba ce a bakin malamai.

Abin da ya gani cikin littafinsa

Malam Ibrahim masanin Alkur'ani ne, sananne a birni har fada. Littafin da ya yi rayuwarsa a kai ke nan. Gaskiya ne wani mai bishara, Schön, ya buga Linjilar Matiyu da Hausa a Landan a 1857, amma da haruffan Turawa ne, ba abin da malamin zaure za ya karanta ba. Littafi Mai Tsarki dukansa bai fito da Hausa ba sai 1932.

To, cikin bitar karatunsa sai hankalinsa ya riƙa tsayawa a kan ayoyin da su ke maganar Isa ɗan Maryamu. Sunan Isa ya zo sau 25 cikin Alkur'ani. An ba da labarin haihuwarsa daga budurwa ba tare da uba ba. Uwarsa ita kaɗai ce macen da aka ambata da sunanta cikin littafin duka, har akwai sura guda, ta 19, mai ɗauke da sunanta. An kira shi Almasihu. An ce da shi kalma daga wurin Allah, an kuma ce ruhu ne daga gare shi. An faɗi yadda ya warkar da makaho da kuturu, ya ta da matattu da iznin Allah, aka kuma ce Allah ya ɗauke shi zuwa gare shi. Dubban malamai sun haddace waɗannan ayoyi kafin Malam Ibrahim, sun rubuta su a allo sun wanke, sun wuce zuwa na gaba, gama tafsirin da suka gada ya riga ya ajiye kowace aya a wurinta: Isa annabi ne mai girma cikin annabawa, iyakarta ke nan. Shi kuwa ya kasa wucewa. Ya tara ayoyin wuri ɗaya cikin zuciyarsa, ya auna, ya ga ba a faɗi irin wannan a kan wani ɗan Adam ba. Daga nan ya soma koya wa almajiransa su ba Isa matsayi na fari, su sa begensu gare shi da komowarsa. Jama'a suka taru gare shi. Suka kira kansu Bani Isra'ila, mutane kuwa suka sa musu suna Isawa, sunan da ya bi su har yau.

A nan sai mu yi hankali, kada ƙauna ta sa mu ƙara gishiri. Littafin da ya nuna masa girman Isa, shi ne kuma ya ce ba a kashe Isa ba, ba a gicciye shi ba. Watau abin da mu ke ɗauka zuciyar bishara, mutuwar Ubangiji saboda zunubanmu da tashinsa a rana ta uku, ba ya cikin abin da Malam Ibrahim ya tarar a shafin da ke gabansa. Idan muka kira shi Kirista kamar yadda mu ke kiran kanmu, mun faɗi abin da ya wuce shaida. Ya fi kama da Afolos na cikin karatunmu na yau, mutumin Iskandariya, gwanin magana, masanin littattafai, wanda ya ke koyar da al'amarin Yesu da himma cikin Afisa, alhali baftismar Yohanna kaɗai ya sani. Abin da ya sani gaskiya ne, sai dai bai cika ba. Bambancinsu ɗaya ne. Afolos ya sami Biriskila da Akila, suka ja shi gefe suka ƙara bayyana masa tafarkin Allah. Malam Ibrahim bai sami kowa ba.

Shari'a da hukunci

Labari ya kai fada. Aka kira shi gaban Sarki Abdullahi da malamai, aka nemi ya janye koyarwarsa ya koma kan abin da jama'a ta ke kai. Da ya yarda, da ya koma gidansa ya mutu cikin tsufa da girmansa, da kuma ba mu taɓa jin sunansa ba. Ya ƙi. Aka yanke masa hukuncin kisa, aka tsire shi a kasuwar birni a idon mutane, irin kisan da a ke yi domin ya zama gargaɗi ga masu kallo.

Bisa ga labarin da mabiyansa suka riƙe suka ba 'ya'yansu, kafin mutuwarsa ya gaya musu su fita daga Kano su jira, gama Allah za ya aiko da waɗanda za su kawo musu cikakken labarin Isa. A ganinmu wannan wasiyya ita ce mafi girman abin da ya bari, za mu kuwa komo kanta.

Kada wani a cikinmu ya ɗauki wannan labari ya mai da shi sandan dukan maƙwabtansa Musulmi. Abin da aka yi a kasuwar Kano an yi irinsa da sunan Kristi ba sau ɗaya ba. A 1536 aka shaƙe Tyndale aka ƙone gawarsa, shi wanda ya juya Sabon Alkawari zuwa Turanci domin manomi ya iya karantawa, masu kiran kansu Kirista ne kuwa suka yi. A 1553 birnin Janeba, inda Calvin ya ke koyarwa, ya ƙone Servetus da ransa saboda koyarwarsa, su kuwa waɗannan 'yan gyaran ekklesiya ne, kakanninmu cikin bangaskiya. Ko'ina aka ba masu tsaron koyarwa takobi, jaraba ɗaya ce ta kan same su. Gamaliyel ya ba majalisar Yahudawa shawara mafi kyau cikin Ayyukan Manzanni 5, cewa su ƙyale manzanni, gama abin da ke na mutum za ya rushe da kansa, na Allah kuwa ba mai iya rushe shi. Ba safai masu iko su kan ji wannan shawara ba.

Amma ba kowane mai cewa ya gani ne ya gani ba

Da labarin ya tsaya a nan, da sai mu ce darasin mai sauƙi ne: a bar kowa ya bi abin da zuciyarsa ta nuna masa. Littafi Mai Tsarki bai yarda mana da wannan ba. Bitrus da Yohanna sun ƙi yin shiru sa'ad da majalisa ta hana su, sun zaɓi biyayya ga Allah bisa biyayya ga mutane. Amma Kora ma ya tsaya gaban Musa yana cewa dukan jama'a masu tsarki ne, ƙasa kuwa ta haɗiye shi. Daga waje su biyun kamarsu ɗaya: mutum ne ya tashi ya ƙi maganar na gaba. Ta yaya za mu rarrabe?

Bari mu ajiye mutum biyu kusa da Malam Ibrahim, ɗaya na gida, ɗaya na nesa, dukansu na ƙarninsa, mu gani ko kwatanci za ya taimake mu.

Na gida shi ne Malam Jibrilla Gaini, wanda dattawan ƙasar Gombe ba su manta da shi ba. Shi ma malami ne, shi ma ya tabbata a ransa ƙarshen zamani ya yi, ya kama tafarkin Mahadi. Ya kafa Burmi kusa da kogin Gongola, ya gina ganuwa, ya tara mayaƙa, ya yi shekaru yana yaƙi da sarakunan Gombe, har Turawa suka kama shi a 1902 suka kai shi Lokoja. A garin nan nasa ne aka yi yaƙin 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi tare da jama'a mai yawa. Abin da Jibrilla ya gani a ransa ya mai da shi sarki mai takobi. Malam Ibrahim bai gina ganuwa ba, bai zub da jinin kowa ba sai nasa.

Na nesa kuwa mutumin Amurka ne, Yusufu Smith, wanda ya kafa jama'ar da a ke kira Momon. Suna cikin ƙasarmu yanzu, musamman a kudu, suna da babban haikali a Aba tun 2005, saboda haka yana da kyau mu san asalinsu. An haifi Smith a 1805. Bisa ga faɗarsa, yana yaro ɗan shekara 14 ya ruɗe da jayayyar ɗarikun garinsu, ya karanta Yaƙub 1:5 inda aka ce mai rashin hikima ya roƙi Allah, ya shiga kurmi ya yi addu'a, aka nuna masa wahayi cewa kada ya shiga ko ɗaya daga cikinsu. Ya gaya wa wani mai wa'azi, mai wa'azin ya raina maganar. A 1830 ya buga Littafin Momon, ya kafa jama'arsa ran 6 ga Afrilu a jihar Niyu Yok. Dukan gininsa a kan abu ɗaya ya tsaya, watau Allah yana magana da mutum kai tsaye, ko da malaman addini sun ƙi.

Ga abin lura. Wata shida ba su cika ba sai ɗaya daga cikin mabiyansa na fari, Hiram Page, ya soma karɓar nasa wahayi ta wurin wani dutse, yana rubutawa, waɗansu manyan jama'ar kuwa suka gaskata shi, har da Oliver Cowdery, na biyun Smith. Ƙofar da Smith ya shiga ta ita ce Page ya biyo. Cikin watan Satumba na shekarar nan Smith ya fito da wani wahayi mai cewa ba wanda aka sa ya karɓi umarni domin dukan jama'a sai shi kaɗai, abin da Page ya rubuta kuwa ba daga Allah ba ne. Aka yi taro, Page ya bar dutsensa. Daga nan ƙa'idarsu ta kafu, suna kanta har yanzu: kowane mutum yana iya samun ja-gorar Ruhu domin kansa da gidansa da aikin da aka danƙa masa, amma abin da ya shafi jama'a duka daga shugaba ɗaya ya ke fitowa, wahayin ƙarami kuwa ba ya gyara na babba. Shi ma Smith bai mutu a gado ba. Taron 'yan tarzoma suka harbe shi cikin kurkuku a Carthage ran 27 ga Yuni 1844, kisan zalunci ne kuwa, kome ra'ayinmu a kan koyarwarsa.

Ba za mu ce ƙa'idar nan ba ta da hikima ko kaɗan ba. Jama'ar da kowa a cikinta annabi ne ba ta kwana biyu. Amma mun ga aibinta a fili: ma'aunin ya zama mutum. In aka tambaya me ya sa wahayin Smith ya tsaya na Page ya faɗi, amsar ita ce wahayin Smith ne ya faɗi haka. Ya kuma ƙara littattafai a kan Littafi Mai Tsarki, har ba sauran wani abu a waje da shi wanda za a auna shi da shi. Bulus ya gargaɗi Galatiyawa cewa ko shi kansa, ko mala'ika daga sama, in ya kawo wata bishara dabam, kada su karɓa. Manzo ya sa kansa ƙarƙashin ma'auni ke nan.

Yanzu mu komo ga wasiyyar Malam Ibrahim. Yana da almajirai masu ƙaunarsa har su bar gidajensu dominsa. A zamanin da kowa ke sauraron Mahadi, da ya ce shi ne, da ya sami masu yarda. Bai ce ba. Bai rubuta sabon littafi ba, bai naɗa kansa ƙofar da kowa za ya bi ta ba. Ya nuna wani, ba kansa ba, ya kuma shaida wa mutanensa cewa abin da ya ba su bai cika ba, su jira mai cikawa. Mutum ne wanda ya tabbata da abin da ya gani har ya mutu a kansa, ya kuma san iyakar abin da ya gani. Samun waɗannan biyu cikin zuciya ɗaya yana da wuya ƙwarai. Yawancinmu, in mun tabbata ba mu jin gyara, in kuwa muna jin gyara iska kaɗan ta kan kwashe mu.

Haka Bulus ya yi cikin karatunmu na biyu. Ya ce bisharar da ya ke wa'azinta ba daga wurin mutum ya karɓe ta ba, ta wurin wahayin Yesu Kristi ne. Duk da haka bayan shekara 14 ya hau Urushalima ya shimfiɗa ta gaban Yaƙub da Bitrus da Yohanna, domin kada ya zama ya yi gudun banza. Shi ɗin ne kuma ya tsauta wa Bitrus fuska da fuska a Antakiya sa'ad da Bitrus ya janye daga cin abinci tare da al'ummai. Wanda ya kai koyarwarsa a duba, shi ne ya gyara babban manzo, bai kuwa ga saɓani tsakanin biyun ba, gama shi da Bitrus duka a ƙarƙashin bishara ɗaya su ke.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ba mako da za ya wuce ba a ji wani cikin taron addu'a, ko cikin zumuntar mata, ko ta matasa, ya ce Ubangiji ya nuna masa abu kaza cikin mafarki ba. Waɗansu dattawa su kan tsorata su rufe bakinsa nan take, sai ya fita da ɓacin rai, wani lokaci ya ja mutum goma ya kafa nasa taro a bayan gari. Waɗansu kuma su kan haɗiye kome da aka ce daga Ruhu ya ke, har a raba miji da mata, ko a kira wata tsohuwa mayya, a kan mafarkin mutum ɗaya. Bulus ya hana mu duka biyu cikin 1 Tasalonikawa 5:19-21, inda ya ce kada a kashe wutar Ruhu, kada a raina annabci, amma a gwada kome. Ga Korintiyawa kuma ya ce masu annabci su yi magana biyu ko uku, sauran su auna. Aunawa aiki ne na jama'a duka da Littafi a buɗe, kamar mutanen Biriya waɗanda ba su karɓi ko maganar Bulus ba sai da suka bincika Littattafai kowace rana. Dattijon da ya ce a yi shiru domin shi ne dattijo bai auna ba. Saurayin da ya ce ba mai tambayarsa domin Ruhu ne ya gaya masa, shi ma ya ƙi ma'auni, Yohanna kuwa ya umarce mu a sarari mu gwada ruhohi. Ga tambayoyin da za mu iya yi a kowane hali: Abin nan ya yi daidai da abin da ke rubuce? Wa ya ke ɗaukakawa, Kristi ko mai mafarkin? Mai shi yana yarda a zauna da shi a duba? Ga shugabanni kuma akwai tasu tambaya, mai nauyi: sun ja shi gefe sun buɗe Littafi tare da shi kamar Biriskila da Akila, ko kuwa sun kira shi gaban majalisa ne kawai?

Masu jira

Isawa suka watse daga Kano. Waɗansu suka nufi wajen Ningi, inda hannun sarki ba ya kaiwa, waɗansu suka zauna cikin ƙauyukan gabashin Zazzau, suna noma, suna karatu, suna gaya wa 'ya'yansu abin da malaminsu ya ce. Tsara guda ta shuɗe a kan haka.

A 1900 ƙungiyar masu bishara ta C.M.S., su biyar a ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta iso Kano. Sarki Aliyu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikinsu likita ne, Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da Likita Mila. Ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, yana magani, yana koyar da yara, yana juya Littafi zuwa Hausa, masu tuba kuwa kaɗan ne ƙwarai, har a kan ƙirga su da yatsu. Sai a 1913, shekara 46 bayan kisan da aka yi a kasuwar Kano, waɗansu Isawa suka iso wurinsa suka ba shi labarin Malam Ibrahim da wasiyyarsa. Mila ya yi shekaru yana neman masu ji, ashe akwai masu neman mai faɗa tun kafin a haife shi.

Aka karanta musu Linjila. A nan ne aka gwada ko sun gāji halin malaminsu, gama labarin gicciye ya saɓa wa abin da suka taso da shi. Waɗansu suka ji, suka auna, suka karɓa, aka yi musu baftisma. Waɗansu kuwa ba su karɓa ba, suka tsaya a kan abin da kakanninsu suka bar musu, zuriyarsu kuma suna nan da sunan Isawa, ba su shiga ekklesiya ba.

Waɗanda suka ba da gaskiya suka taru suka kafa ƙauyen masu bi a Gimi cikin ƙasar Zazzau, da makaranta da ɗakin sujada, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Yammacin Indiya, W. A. Thompson, yana lura da su. Ba su daɗe cikin jin daɗi ba. Wurin yana da ƙudan tsando, ciwon barci ya shiga ƙauyen ya kashe mutane da yawa, manya da yara, har ya zama dole a tashi. Sauran da suka tsira, da marayun da aka bari, aka kai su Zariya. Sa'ad da mishan ta fita daga cikin birni ta koma Wusasa a 1929, suna cikin waɗanda suka zama tushen jama'ar wurin. Bayan shekara uku Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Likita Mila ya ba da yawancin ransa a kai. Daga zuriyar mutanen nan ne aka sami Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, likitan yara, ɗan ƙasa na fari da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje na Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.